Hitar banɗaki tana ƙara, tana ɗiga, kuma kan famfo ya fara jan hannu: ina matsalar take?

Magidanci daga Mabera:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin wuta da na famfo game da hitar wanka ta gidana, domin tun da ɗarin bana ya kama ta sauya hali, kuma na kasa gane ko lalacewa guda ce ke haifar da duk abin da nake gani, ko kuwa kowanne da tushensa daban. Hitar irin wadda ake ratayewa a bango ce, mai cin lita 50, an rubuta wat 1,500 a jikinta, kuma ta yi shekaru tana aiki ba a taɓa buɗe cikinta ba. Ruwanmu na rijiyar burtsatse ne, inji yana tura shi tankin sama, daga nan ya sauko cikin gida.

Na farko, ruwan ya daina yin zafi da wuri. A da idan aka kunna ta bayan sallar isha'i, kafin a kwanta ta riga ta kashe kanta, amma yanzu sai ta daɗe fitilarta na ci, wani lokacin kuma ta kashe kanta alhali ruwan da ke ciki bai isa mutum biyu su yi wankan asuba ba. Na biyu, tana ƙara daga ciki idan tana aiki, wani irin ƙas-ƙas haɗe da gurnani, har ana ji daga ɗaki idan dare ya yi tsit. Na uku, ɗan bawul ɗin da ke ƙarƙashinta a bututun ruwan sanyi yana ɗigar da ruwa, har ya bar farin layi a jikin tayil. Wani yaro mai gyara da na kira ya ce abu ne mai sauƙi, zai toshe bakin da ke ɗigar ko ya cire bawul ɗin gaba ɗaya, amma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, sai na ce ya dakata.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne na huɗu. Maiɗakina ta ce da ta kama kan famfo da jiƙaƙƙen hannu ta ji ya ɗan ja ta, ni ma da na taɓa na ji tsikari a yatsan da nake da ɗan yanka. Akwai ƙananan yara a gidan, ga kuma mahaifiyata wadda ba ta iya alwala da ruwan sanyi a wannan lokaci. Shin gyara ya kamata in yi ko in sayi sabuwa, kuma wa ya kamata in fara kira, mai wuta ko mai famfo? Allah ya saka da alheri.

Mai aikin wuta, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, kafin komai ka je allon bireka na gidan ka kashe layin hitar daga can, ba daga makunnin bakin banɗaki kaɗai ba, kuma kada kowa ya sake taɓa famfon don ya ji ko har yanzu yana ja. Ƙara da ɗiga da jinkirin zafi duk za su iya jira har mako mai zuwa, amma wannan na huɗun ba a kwana da shi.

Ƙarfen da ke ɗumama ruwa a cikin hitar, wato elimen, bututu ne siriri da aka zura waya a cikinsa, aka cika tsakanin wayar da jikin bututun da wani farin gari mai hana wuta tsallakewa. Idan bututun ya tsufa ya tsage, ko da tsagar ba ta kai kaurin gashi ba, ruwa yakan shiga ya jiƙa garin, daga nan wuta ta sami hanyar fita zuwa jikin tanki da ruwan da ke ciki, har ta iso kan famfo. A gidan da aka yi wa aiki yadda ya kamata, wannan wutar da ta ɓalle takan bi wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, ta tafi sandar da aka kafa a ƙasa ba tare da ta bi ta jikin mutum ba. Tun da har uwargida ta ji ja, ina kyautata zaton lalacewa biyu ce ta haɗu: elimen yana yoyon wuta, kuma wayar ƙasa ba ta aikinta. Sau da yawa idan na cire murfin ƙasan hita a gidajen garin nan na Sakkwato, sai in tarar da wayar a naɗe a gefe, ba a taɓa ɗaura ta a kan kusarta ba tun ranar da aka rataya hitar.

Ko an ɗaura ta ma, ƙasar Sakkwato tana da nata halin. Sandar ƙasa tana aiki ne da laima, mu kuwa ruwan sama yakan ɗauke mana tun wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ƙasar kuma rairayi ce a unguwanni da yawa. Sandar da ke aiki lafiya a watan Agusta tana iya zama kamar babu ita a watan Janairu saboda ƙasar da ke kewaye da ita ta bushe ƙarƙaf, kuma a daidai wannan lokacin ne kowa ke kunna hita. Shi ya sa nake ba da shawarar a kafa sandar da zurfi a wurin da ba ya rabuwa da danshi, a kuma gwada ta da rani, ba da damina ba.

Mutane da yawa suna ɗaukar cewa muddin bireka ba ta faɗi ba, to babu matsala. Bireka ta amfiya 20 an yi ta ne don ta kare waya daga ƙonewa, ba don ta kare mutum ba, domin wutar da za ta iya tsayar da zuciyar mutumin da ke tsaye cikin ruwa ba takalmi ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba. Abin da layin hita ke bukata shi ne bireka mai jin yoyon wuta, ta miliamfiya 30, wadda ke da ɗan maɓallin gwaji a fuskarta. Makunnin bango kuma ya zama mai yanke wayoyi biyu a lokaci ɗaya. Na sha ganin inda aka sa mai yanke guda, aka kuma yi rashin sa'a ya yanke wayar dawowa ya bar mai wutar, ta yadda fitila za ta mutu, mai gida ya ɗauka ya kashe hita, alhali wuta na nan kwance a cikin elimen.

Idan mai wuta ya zo, ka ce ya auna elimen ɗin iri biyu. Na wat 1,500 mai lafiya yakan nuna kusan om 35 (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga wuta) tsakanin ƙafafunsa biyu, amma wannan awon ba ya nuna yoyo. Sai an sa na'urar da muke kira mega, wadda ke gwadawa da bolt 500 tsakanin ƙafar elimen da jikinsa, domin ƙaramar mita ta hannu takan ce lafiya lau a kan elimen da ke yoyo idan ya ɗauki zafi. Ya kuma auna kan famfon bayan an raba hitar da wuta gaba ɗaya, saboda idan har yanzu akwai wuta a jikinsa, to a duba injin da ke cikin rijiyar, shi ma yakan saki wuta ta biyo ruwa.

Game da jinkirin zafi kuwa, ka sa a auna ƙarfin wutar gidan da daddare. An ƙera hitar ne don bolt 230, amma a lokacin sanyi idan unguwa duka ta kunna hita da risho na lantarki, wutar takan sauko ƙasa sosai. Raguwar zafin ta fi raguwar wutar yawa: idan wuta ta sauko zuwa bolt 180, elimen na wat 1,500 ba zai ba da abin da ya wuce wat 920 ba. A duba kuma bakin wayoyin da ke shiga tamostat, wato na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ruwa ya kai zafin da aka saita, domin kusar da ta saki takan yi zafi ta narkar da roba, har a riƙa jin ƙauri. Kaurin wayar layin kada ya gaza murabba'in milimita 2.5, kuma kada ta haɗa soket da firji ko dutsen guga.

Mai aikin famfo, Runjin Sambo:

Injiniya ya gama magana a ɓangarensa, kuma shi ya kamata ka fara kira, Alhaji, mu sai bayan ya tabbatar babu wuta a jikinta. Amma ina roƙonka kada ka bari yaron nan ya taɓa bawul ɗin, kuma Allah ya yi maka albarka da ka dakatar da shi.

Wannan ɗan bawul aiki biyu yake yi. Yana hana ruwan da ya shiga hitar komawa baya zuwa bututun sanyi, sannan yana buɗewa ya fitar da ruwa idan matsi ya yi yawa a cikin tankin, galibi a wajen ba 7 ko 8 ("ba" sunan ma'aunin matsi ne), kamar yadda ake bugawa a jikinsa. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, kuma tun da an rufe masa hanyar komawa, famfuna kuma a rufe suke, dole ya sami mafita. Saboda haka ɗigar da kake gani a lokacin da hitar ke aiki alama ce ta cewa bawul ɗin yana raye, kuma abin da ake yi shi ne a sa masa siririn tiyo ya kai ruwan magudana don kada ya ɓata bango. Idan kuwa yana ɗiga dare da rana ko da hitar a kashe take, to tsakuwa ko farar ƙasa ce ta maƙale a bakinsa ta hana shi rufewa. Sai a ɗaga ɗan hannunsa ruwa ya wanke shi, in bai daina ba a sayi sabo mai lamba iri ɗaya, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wanda ya toshe shi ya mayar da rayuwar mutanen gidan a hannun tamostat kaɗai, ranar da tamostat ya maƙale bai yanke wuta ba, tankin ba shi da ta inda zai huce sai ta hanyar fashewa.

Ƙarar da kake ji kuwa daga ruwan rijiyarka take. Ƙarƙashin garin nan da kewayensa akwai dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi tun shekarun 1960, kuma rijiyar da ruwanta ya ratsa wannan dutsen takan ɗauko narkakkiyar farar ƙasa da ido ba ya gani. Da zarar ruwan ya yi zafi sai ta fito ta daskare. Ka leƙa cikin butar da ake dafa ruwan shayi a gidanka, farin ɓawon da ya kama gindinta shi ne ya lulluɓe elimen ɗin, sai dai na hita ya fi kauri tun da ba a taɓa kankare shi ba. Ruwa yakan maƙale a ƙarƙashin ɓawon ya tafasa, tururin ya fasa ya fito, wannan ne ƙas-ƙas ɗin. Abin da ya ɓantare kuma yakan taru a gindin tanki, ya haɗu da yashin da injin rijiya ya turo. Farin layin da ka ce ya fito a tayil shaida ce cewa ruwanka mai farar ƙasa ne. Ba duk rijiyoyin gari ne haka ba, akwai waɗanda matsalarsu ƙarfe ce, su ne masu barin jan tabo a bahon wanka, amma su ma suna tara laka a cikin hita. A ganina wannan ɓawon ne ya hana ruwanka yin zafi, kuma shi ya kashe elimen ɗin.

Akwai wani abin da ke ƙona elimen a gidajenmu fiye da tsufa, wato kunna hita babu ruwa a cikinta. Tankin sama yakan ƙare da dare ba wanda ya sani, a buɗe famfunan ƙasa, idan bawul ɗin ba ya riƙe ruwa sai hitar ta tsiyaye ta baya, da asuba wani ya danna makunni. Elimen an yi shi ne ya zauna cikin ruwa, idan ya ci wuta a busasshen tanki ba ya ɗaukar lokaci yake ƙonewa ko ya tsage. Wannan ma wani dalili ne na barin bawul ɗin a wurinsa.

Idan an buɗe ta, ka tsaya a wurin ka ga wani sanda mai launin toka da ke ɗaure kusa da elimen. Na magniziyam ne, kuma an sa shi ne domin ruwa ya ci shi a maimakon ya ci jikin tankin. Masu ƙera hita suna cewa a duba shi duk shekara ɗaya ko biyu, amma a nan da wuya ka sami mai gidan da ya san da zamansa. Idan ya cinye, tsatsa takan koma kan tankin kansa.

Uwargida daga Gawon Nama:

Assalamu alaikum. Ina yi wa Alhaji jaje, Allah ya ƙara tsarewa, kuma ina neman izinin shigo da tawa tambayar tun da masana suna kusa. Tamu hitar ba ta ƙara kuma ba ta ja, amma tun da muka kashe ta a farkon bazara ba mu sake kunna ta ba sai da sanyi ya shigo, kuma ruwan zafin da ya fara fitowa yana wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, alhali ruwan sanyi na famfo ɗaya ba ya warin komai. Mun zubar da shi, warin ya ragu, amma idan ta kwana biyu ba a yi amfani da ita ba sai ya dawo.

Tambaya ta biyu ta shafi yara. Saboda tsoron kada ruwan ya ƙona su, na sa an rage tamostat ɗin ƙasa sosai, ta yadda ruwan ke fitowa da ɗumin da za a iya wanka da shi ba sai an sirka ba. Wata maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ta ce hakan ba shi da kyau ga lafiya, amma ba mu sami zama ta yi mini bayani ba. Ina son Malamai su fayyace mini, domin ni a tunanina rage zafin ya fi aminci, kuma yana rage cin yunit a mita.

Malamin kimiyya, Arkilla:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Zan zo kan tambayoyinki, amma ina son in fara da ɗan gyara a maganar babanmu mai aikin famfo, tare da girmama ƙwarewarsa, domin duk abin da ya faɗa game da bawul da ƙara haka yake. Inda na saɓa da shi shi ne ɗora jinkirin zafi kacokan a kan farar ƙasa. Elimen na lantarki a nutse yake cikin ruwa, don haka duk zafin da ya haifar ba shi da wurin zuwa sai cikin ruwan, ko da ɓawo ko babu. Abin da ɓawon ke yi shi ne ya tilasta wa elimen ɗin ya yi zafi fiye da yadda aka ƙera shi kafin zafin ya ratsa ya fita, kuma wannan ne ke tsaga shi har ya kai ga yoyon wutar da Injiniya ya bayyana. Yakan kuma haɗe elimen da ɗan bututun da tamostat ke ciki, sai tamostat ya ji zafin ƙarfen a maimakon na ruwan, ya yanke wuta tun ruwa bai yi ba. Wannan ya dace da abin da Alhaji ya ce, cewa wani lokacin takan kashe kanta da wuri.

Daɗewar da take yi fitila na ci kuwa lissafi ne kawai. Kai lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin kusan yunit 2.3 na wuta. Da cikakkiyar wuta, elimen na wat 1,500 zai yi wannan aikin a cikin awa ɗaya da rabi, amma da wat 920 ɗin da Injiniya ya ambata sai ya kai awa biyu da rabi. A haɗa da cewa da bazara rana ta riga ta gasa tankin sama, ruwan na shiga hitar da ɗuminsa, da hunturu kuwa tankin ya kwana cikin iska mai sanyi. Hitar da ba ta da lahani ko kaɗan ma za ta fi daɗewa a Janairu. Wannan adadin na yunit 2.3 ya kamata masu inbata su lura da shi, domin batir guda na bolt 12 mai amfiya-awa 200 abin da yake ɗauka gaba ɗaya bai wuce yunit 2.4 ba, kuma irin na dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. Wanda ke son ruwan zafi daga rana, hitar da ke ɗumama ruwa da zafin rana kai tsaye ta fi masa, kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan garin ta daɗe tana aiki a kan irinta.

A kan bawul, ina ƙara wa maganarsa ƙarfi da lamba. Lita 50 da aka kai daga digiri 20 zuwa 60 takan ƙaru da kusan kashi uku cikin huɗu na lita, don haka ɗigar da ta kai cikin kofi ko fiye a kowane ɗumamawa ba abin damuwa ba ne. Tankin sama mai tsayin mita 10 matsin ba 1 kawai yake bayarwa, yawancin namu ma ba su kai haka ba, saboda haka nauyin ruwan tanki ba zai taɓa buɗe bawul na ba 7 ba. Idan kuwa aka toshe shi tamostat ya kuma lalace, ruwan yakan wuce digiri 100 bai tafasa ba saboda matsi, da zarar tankin ya tsage sai wani sashensa ya zama tururi nan take, tururi kuma yana cin wuri kusan ninki 1,700 na ruwan da ya fito daga gare shi.

Hajiya, tambayoyinki biyu tushensu ɗaya. Warin daga wasu ƙwayoyin halitta yake, waɗanda ke rayuwa a ruwa mai ɗumi da ya daɗe a kwance babu iska, suna sarrafa sinadarin salfet da ke cikin ruwan rijiya su fitar da iska mai warin ƙwai, kuma sandan magniziyam ɗin da aka ambata yana taimaka musu. Rage zafin da kika yi ya ba su yanayin da suke so. Abin da maƙwabciyarki ke nufi kuma, a zatona, ƙwayar cutar lejiyonela ce, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a wani taron tsofaffin sojoji a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976. Tana yaɗuwa a ruwan da ke tsakanin digiri 20 da 45, tana shiga huhu ta feshin shawa, kuma ta fi yi wa tsofaffi da masu raunin jiki illa. Digiri 60 yana kashe ta. Wuce 60 da yawa kuma yana hanzarta taruwar farar ƙasa, don haka nan ne ya fi dacewa a tsayar da tamostat.

Tsoronki game da yara yana kan hanya, domin ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, fatar yaro kuma ta fi saurin ƙonewa. Maganin wannan a bakin famfo yake, ba a cikin tanki ba: a sa bawul mai sirka ruwa da kansa a mafitar hitar, ko kuma babba ya riƙa haɗa ruwan a bokiti, ya fara zuba na sanyi, ya gwada da hannunsa kafin yaro ya matso. Ki sa a zubar da ruwan tankin duka a wanke shi, a cika, a kai shi 60 ya jima a haka. Sannan duk hitar da ta yi makonni a ajiye, a buɗe famfon zafi ya zuba na 'yan mintoci kafin a kunna ta, kuma kada a kusanto da wuta ko taba a lokacin, domin iskar haidirojin takan taru a samanta.

Magidanci daga Mabera:

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara ilimi mai amfani. Na kashe layin tun a daren, kuma mai wuta ya zo ya tarar da wayar ƙasa a naɗe a cikin murfi kamar yadda Injiniya ya faɗa, na'urarsa kuma ta nuna elimen yana yoyo. Da aka zare shi sai ga shi ya yi fari fat, ya kumbura da ɓawo har ba a ganin lanƙwasarsa, da tsaga a kusa da gindinsa. Sandan magniziyam ɗin babu abin da ya rage sai siririn ƙarfen tsakiyarsa, kuma abin da aka kwaso daga gindin tankin ya kusa cika kwanon sha. An sa sabuwar bireka mai maɓallin gwaji, ana kuma shirin sake kafa sandar ƙasa kusa da magudanar bayan gida. Abin da ya rage mini shi ne na ga ɗigo-ɗigon tsatsa a bakin ramin da elimen ke shiga. Baba mai aikin famfo, shin tankin zai ƙara ɗaukar sabon elimen, ko kuɗin gyaran asara ne?

Mai aikin famfo, Runjin Sambo:

Alhamdu lillahi da abin ya tsaya a nan. Na kuma karɓi gyaran Malam a kan jinkirin zafi, lissafinsa ya fito fili.

Alhaji, tsatsar bakin rami ba ita ce ke yanke hukunci ba. A goge wurin, a haska cikin tankin da tocila. Cikinsa an shafe shi da wani rufi mai santsi da ƙyalli, idan rufin yana nan, tsatsar kuma a baki kawai take inda tsohuwar roba ta riƙa tsattsafo, to tankin yana da sauran shekaru. Idan kuwa ka ga rufin ya ɓare ƙarfe ya yi ramuka, ko bayan an haɗa ka ga ruwa na fitowa daga cikin rigar hitar ta waje ba daga bakin elimen ko mahaɗar bututu ba, to jikin tankin ne ya huje, sai sabuwa. Kada ka yarda a kai ta wurin mai walda, domin wutar walda tana ƙona rufin da ke kewaye da wurin, ba a daɗewa take sake hujewa a gefen ɗinkin, kuma tanki ne mai ɗaukar matsi a saman kan mutane.

Idan ta gyaru, a sayi elimen mai wat 1,500 daidai da na da, kada a sa wanda ya fi shi don neman sauri, tun da waya da tamostat an auna su ne da wancan. A sa sabon sandan magniziyam da sabuwar robar baki a lokaci ɗaya, tsohuwar roba ba ta sake kamawa idan an cire ta. A duba bututun da ke fita da ruwan zafi, idan farin nan ne na ruwan sanyi a sauya shi da koren da ake haɗawa da zafi, saboda farin yakan yi laushi ya saki a mahaɗa. Bayan an haɗa komai, a buɗe famfon zafi a bar shi a buɗe, a saki ruwa ya shiga, famfon zai yi ta tari yana fitar da iska, kuma ba za a mayar da wuta ba sai ruwa ya zubo a miƙe babu yankewa. Da irin ruwan rijiyarka, ka sa a riƙa buɗe ta ana wankewa kowace shekara a watan Oktoba kafin sanyi ya shigo, ka riƙa ɗaga hannun bawul ɗin sau ɗaya a wata don kada ya daskare, kuma a sa matacin yashi a bututun da ke saukowa daga tankin sama.